Kafin ki biya kuɗin makarantar nas, ga abin da za ki fara dubawa

Duk wadda ta tambaye ni wace makaranta ce ta fi kyau a karatun nas, ni ma tambaya nake mayar mata: hukumar da ke ba nas-nas lasisi a ƙasarki ta amince da kwas ɗin? Yawanci shiru nake ji, an ga hoton gini da farar yunifom an manta da wannan. Ina cewa "ke" ne don mata sun fi yawa a aikin, wajen kashi 90 cikin 100 a lissafin hukumar lafiya ta duniya WHO na 2020, amma maza ku ma da ku nake.

To daga nan za ki fara. Digiri daban, lasisi daban. Jami'a ce za ta ba ki digiri, amma izinin taɓa majinyaci wata hukuma ce ke bayarwa, a Birtaniya NMC ce, a Amurka kowace jiha da tata kuma sai kin ci jarrabawar NCLEX-RN. Ki shiga shafin hukumar ƙasarki da kanki ki nemo sunan makarantar, kar ki tsaya kan abin da mai sayar da fom ya faɗa miki. Kuma kwas ɗin za ki duba ba jami'ar kawai ba, don jami'a tana iya zama da rajistarta tsaf amma sashen nas ɗin sabo ne ba a amince da shi ba tukuna. In kika ji an ce "ai muna kan hanya, kafin ku gama za a ba mu", ki tattara takardunki ki yi gaba, shekara huɗu ba abin caca ba ce.

Sai maganar digiri ko difloma. A Amurka mai karatun shekara 2 da mai digirin shekara 4 jarrabawar lasisi ɗaya suke zama, a Ingila kuwa tun 2013 duk sabon nas sai da digiri. Ni dai in da hali digirin nake ba da shawara, shi ke buɗe ƙofar mastas da koyarwa da shugabancin sashe, sannan akwai binciken da mujallar likitanci ta Lancet ta buga a 2014 kan asibitocin ƙasashen Turai 9, inda aka ga duk ƙarin kashi 10 na nas masu digiri yana tafiya da raguwar mutuwar waɗanda aka yi wa tiyata da kusan kashi 7. Amma in difloma ce aljihunki zai ɗauka ki yi abinki, ki dai tabbatar akwai hanyar ɗorawa zuwa digiri daga baya.

Yanzu ga inda na fi so ki daɗe: asibitin da za ki yi firatikal. Aikin nas a gefen gado ake koyonsa, shi ya sa ma makarantar da Florence Nightingale ta buɗe a 1860 a cikin asibitin St Thomas na Landan take. Ƙa'idar Tarayyar Turai awa 4,600 ce ta horo, kuma aƙalla rabi a wajen majinyata za a yi shi, ko ba can za ki yi karatu ba ki riƙe wannan a matsayin ma'auni. Ki tambaya, makarantar tana da asibitin koyarwa nata ko aro take yi? Gado nawa ne? Ɗalibi nawa ake turawa wad ɗaya a lokaci guda? Don in ku talatin ne a kan majinyaci biyar to kallo za ki yi ta yi daga bayan kafaɗar wata har ki gama. Za a zagaya da ku ɗakin haihuwa, sashen yara, tiyata, imajansi, sashen masu taɓin hankali? Kuma waye ke tsayawa a kanku, malamin makaranta ne ko nas ɗin da aiki ya riga ya sha mata kai?

Amsar gaskiya ba a ofis take ba. Ki samu ɗalibar ajin ƙarshe ki ja ta gefe ki ce, yaya don Allah kanula, wato 'yar robar nan da ake sawa a jijiya, nawa kika taɓa sakawa da hannunki? Sau nawa kika ɗaura ƙarin ruwa, kika wanke ciwo, kika rubuta rahoton miƙa aiki? In ta yi dariya ta ce a jikin ɗan roba kawai, kin samu amsarki. Ɗakin gwaji mai mutum-mutumi yana da kyau sosai, amma roba ba ta janye hannu, jijiyarta ba ta ɓuya, ba ta da ɗan'uwa tsaye a kanki yana hararar ki. Ki kuma tambayi ɗalibai nawa suka ci jarrabawar lasisi a zaman farko cikin shekara uku da suka wuce, makarantar da ke da abin nunawa ba ta ɓoye wannan.

Ke ma ki auna kanki. Akwai anatomi da fisiyoloji, wato ilimin sassan jiki da yadda suke aiki, da ilimin magunguna, hadda ce mai yawa, akwai kuma lissafi: likita ya rubuta 250mg, kwalbar ta ce 125mg a cikin 5ml, nawa za ki ba yaro? 10ml ne, kuma sai kin iya fitar da shi ƙarfe uku na dare kina jin barci. Akwai juya mara lafiya duk bayan awa biyu don kar gyambon kwanciya ya kama shi, akwai fo, akwai amai, akwai dutin dare. In za ki samu aikin sa kai na sati biyu a wani asibiti kafin ki cike fom, ki yi, zai gaya miki abin da ba wanda zai gaya miki.

Kuɗi kuma kar ki lissafa na makaranta kaɗai, ki haɗa da yunifom, kayan awo, kuɗin mota zuwa asibiti kullum da na jarrabawar lasisi.

Masu burin fita waje, eh ana neman nas, rahoton WHO na 2020 ya ce duniya na da giɓin nas miliyan 5.9, sai dai lasisin wata ƙasa ba ya aiki kai tsaye a wata, za su nemi takardar da ta nuna darussan da kika yi da awannin firatikal sashe-sashe. Don haka tun ajin farko ki adana littafin da ake sa miki hannu a wad, ki riƙa ɗaukar hoton kowane shafi da zarar an sa hannu.