Yadda ake gane mai gaskiya idan motoci biyu sun shiga kwana tare a Formula 1

Yawancin tseren Formula 1 da ake yi a Turai ƙarfe 1 na rana agogon Gana yake farawa. Ana idar da azahar, masu bin wasan a unguwannin Nima da Maamobi na Accra sun koma gaban talabijin, kuma da wuya a watse ba a yi musu kan wanda ya ture wani ba. Mai goyon bayan direba Lewis Hamilton ba ya ganin laifin Hamilton, mai goyon bayan Max Verstappen ma haka. Alhali alƙalan FIA, hukumar da ke kula da tseren motoci a duniya, ba da ka suke yanke hukunci ba. Suna da rubutattun ƙa'idojin tuƙi, waɗanda hukumar ta fito da su fili a 2025. In ka bi matakan nan, sau da yawa za ka riga su faɗin hukuncin.

Mataki na 1: duba tuta tukuna

In ana kaɗa tuta mai ruwan ɗorawa, ko motar kiyaye haɗari tana jan ayari, ba a wuce kowa, magana ta ƙare. In shuɗiya ce, wanda na gaba ya zagayo zai yi wa zagaye ne ake cewa ya kauce, ba shi da hurumin jayayya. Sai babu ko ɗaya cikin waɗannan za ka ci gaba.

Mataki na 2: tsayar da hoton a gwiwar kwana

Nan ne yawancin masu kallo suke ɓata lissafi, domin idonsu yana kan wurin da aka yi karo. Alƙalai kuwa baya suke komawa, zuwa gwiwar kwana, wato daidai inda mota take matsowa kusa da gefen ciki kafin ta fara buɗewa ta fita. Jira a maimaita hoton, musamman wanda aka ɗauko daga sama, don kyamarar da ke kan mota tana ruɗin ido. Sannan ka tambayi kanka: mai son wucewa ta ciki ya biyo ko ta waje? Kowanne da sharaɗinsa.

Mataki na 3: in ta ciki ya biyo

Dole tayoyinsa na gaba su kai aƙalla daidai madubin gefen abokin karawarsa, tun kafin gwiwar da kuma a kanta. Ya kai nan, wajibi ne a ba shi wuri. Amma da sauran sharaɗi: motar ta kasance a hannunsa, ba wai ya jefo ta daga nesa tayoyi na hayaƙi ba, kuma ya iya ƙarasa kwanar bai fita daga titi ba. A mahaɗar Circle ta Accra, direban motar haya ta trotro da ya fara cusa hanci shi ke da hanya. A nan cusa hanci kaɗai ba ya ba ka komai.

Shekarar 2021 a Silverstone ta Ingila, Hamilton ya biyo ta ciki a kwanar Copse, tayarsa ta gaba ta taɓi tayar bayan Verstappen, wanda ya wuce ya daki shinge har aka kai shi asibiti a duba shi. Alƙalai suka ce akwai fili ta ciki, Hamilton bai matsa ya kai gwiwar ba, don haka shi ya fi laifi. Suka ci shi tarar daƙiƙa 10, kuma duk da haka shi ya lashe tseren. Mutanen Verstappen har gobe suna cewa tarar ta yi kaɗan. Abin da suke mantawa shi ne, kuskuren ake aunawa, ba girman ɓarnar da ta biyo baya ba.

Mataki na 4: in ta waje ya biyo

Wannan ya fi tsauri. Bisa ƙa'idar 2025, sai tayoyinsa na gaba sun riga na abokinsa a gwiwar kwana kafin ya cancanci a bar masa wuri wajen fita. In bai riga ba, na ciki yana da damar buɗe motarsa har bakin layi, na waje kuma ya ɗaga ƙafa ko ya sha ƙasa.

A Austin ta Amurka a 2024, Lando Norris ya biyo Verstappen ta waje a kwana ta 12. Verstappen ne a gaba a gwiwar, su biyun suka fita daga titi, Norris ya dawo a gaba kuma ya ƙi mayar da matsayin. Aka ci shi daƙiƙa 5, ya rasa matsayi na uku. A takarda hukuncin daidai ne. A ganina kuwa nan ne ƙa'idar take da rami: mai tsaron matsayi yana iya sassauta birki don kawai ya riga isa gwiwar, ko da ya san gudun ya fi ƙarfin kwanar. Ka ga tseren ya tashi daga wa ya iya kwana, ya koma wa ya fara taka wani ɗigo a kwalta. Direbobin da kansu sun yi ƙorafi a kan haka. Mako guda bayan nan, a Meksiko, su biyun suka sake haɗuwa, wannan karon Norris ne a gaba a gwiwar aka tura shi waje, kuma Verstappen ya kwashi tarar daƙiƙa 10 har sau biyu a zagaye ɗaya.

Mataki na 5: juya ka dubi mai tsaro

Na gaba ma akwai abin da aka hana shi. Sau ɗaya tak zai canza layi don ya tare hanya. In zai koma layinsa na asali kafin kwana, dole ya bar faɗin mota guda tsakaninsa da bakin titi. Da zarar an fara taka birki, ba ya sake karkatowa gaban na baya, don a wannan gudun na baya ba shi da inda zai kauce. Michael Schumacher ya matse Rubens Barrichello jikin bango a Hangari a 2010, aka mayar da shi baya da gurbi 10 a farkon tsere na gaba. Mai son ganin tsaro mai tsabta ya nemi tseren Hangari na 2021, inda Fernando Alonso, da motar da ba ta kai ta Hamilton gudu ba, ya riƙe shi zagaye bayan zagaye. Kowace kwana yakan ajiye motar inda Hamilton yake so ya bi, amma yana barin masa wurin numfashi. Jinkirin nan ya taimaki abokin aikinsa Esteban Ocon ya ci tseren.

Mataki na 6: farin layi da mayar da matsayi

Farin layin gefe shi ne iyakar titi. In tayoyi huɗu duk sun tsallake shi, mota ta fita. Wanda ya wuce wani ta can sai ya mayar da matsayin, kamar yadda Verstappen ya yi wa Hamilton a Baharain a 2021, ko da yake hakan ya sa ya rasa nasara. Mayarwar kuma ba ta wayo ba. A Beljiyam a 2008 Hamilton ya yanke kwana, ya bar Kimi Räikkönen ya wuce, nan take ya sake shan gabansa a kwana ta gaba. Aka ƙara masa daƙiƙa 25 bayan tsere, nasarar ta koma hannun Felipe Massa.

Mataki na 7: auna nauyin hukunci

A zagayen farko, lokacin da motoci suke cunkushe, alƙalai sukan ɗaga ƙafa, kuma in laifin bai rinjaya a kan mutum ɗaya ba sai su ce tsautsayin tsere ne, a wuce wurin. In an tabbatar da laifin karo ko cin riba ta wajen titi, tun 2024 daƙiƙa 10 ce ma'auni, a rage zuwa 5 in akwai uzuri. Bayan wannan akwai makin laifi da ake rubutawa a lasisin direba. In ya tara 12 cikin wata 12, sai a dakatar da shi tsere guda. Haka ta faru da Kevin Magnussen a 2024, bayan ya goga da Pierre Gasly a Monza ta Italiya makinsa suka cika, bai shiga tseren Baku ta Azarbaijan ba.