Yadda zaka leƙa intanet ɗin farko-farko da idonka, ko da waya kake

Yawancin mutane in aka ce musu "intanet ɗin da" tunaninsu baya wuce lokacin da suka fara buɗe Facebook, alhali abin ya girmi haka nesa ba kusa ba. A watan Yunin 1993 wani ɗalibi a jami'ar MIT ta Amurka mai suna Matthew Gray ya saki wata 'yar manhaja ta zaga ta ƙirga sayit ɗin da ke duniya baki ɗaya, ta samo 130. Zuwa Disamba sun kai 623. Wato a lokacin mutum ɗaya in ya zauna da gaske zai iya leƙa kowanne, kuma duk wanda aka buɗe sabo labari ne, ana sanar da shi kamar an yi haihuwa. Abin da nake so in nuna maka shi ne da yawa daga cikin waɗannan abubuwa suna nan har yau, basa cin data ko kaɗan saboda kusan duk rubutu ne zalla, sai dai kowanne da ƙofar da ake bi a shige shi.

Fara da na farkon gaba ɗaya. Buɗe burauzarka ka rubuta info.cern.ch. Wannan shi ne adireshin sayit na farko a duniya, wanda Tim Berners-Lee ya kafa a cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke kusa da Janeba, a kan wata kwamfuta ƙirar NeXT. Ya rubuta shawarar a Maris 1989, abin ya fara aiki ƙarshen 1990, ya sanar wa duniya a Agustan 1991. A 2013 CERN suka dawo da shafin a adireshinsa na asali, kwafin 1992 ne. In ka danna Browse the first website zaka ga farin fili da baƙin rubutu da shuɗayen linki, babu hoto ko ɗaya. Kar ka yi saurin fita, danna linkin da ke cewa What's out there?, ma'ana "me ke akwai a can", shi ne jerin abubuwan da ake iya samu a lokacin, an rarraba su fanni-fanni da hannu.

A wannan shafin na CERN dai akwai zaɓi na biyu da ni na fi so, wato ka buɗe shi da kwaikwayon burauzar da ake kira line-mode, wadda wata ɗaliba Nicola Pellow ta rubuta. Sikirin zai koma baƙi da koren rubutu, ba a danna komai da linzami, kowane linki yana da lamba a gefensa, sai ka rubuta lambar ka buga Enter ya kai ka. Wannan ya fi daɗi a kwamfuta mai kibod, a waya yana ɗan ba da wahala. Minti biyar a ciki zai sa ka gane dalilin da ya sa mutane suka ruɗe da murna lokacin da Mosaic ta fito a 1993, burauzar da Marc Andreessen da Eric Bina suka haɗa a cibiyar NCSA ta jami'ar Illinois a Amurka, wadda ta sa hoto da rubutu a shafi ɗaya kuma kowa zai iya girka ta.

To a nan ne maganar ta fi armashi. A wancan lokacin babu Google, shi sai 1998 ya zo, don haka in an buɗe sabon abu ta yaya zaka sani? Mutane ne ke tara jeri da hannu. NCSA suna da wani shafi mai suna What's New da suka fara a tsakiyar 1993, masu sayit ne ke aiko da sanarwa, a rubuta kwanan wata da layi biyu ko uku na bayani: sashen kaza na jami'a kaza ya buɗe saba (kwamfutar da ke riƙe da shafuka), ga hotunan yanayi daga tauraron ɗan adam, ga kundin littattafan laburare kaza. Rubuta NCSA What's New 1993 a injin bincike zaka samu kwafi-kwafi da aka adana wata-wata. Shawarata ka buɗe na 1993 ka karanta, sannan ka tsallaka na ƙarshen 1994 ka ga yadda jerin ya kumbura, ka kuma lura da yadda sunayen kamfanoni suka fara kutsowa cikin na jami'o'i. Ni a wurina babu littafin tarihin da zai nuna maka wannan sauyin kamar ka gani da kanka. Akwai dalili kuma, ranar 30 ga Afrilu 1993 CERN suka saki fasahar kyauta ga kowa ba biyan ko sisi, daga nan ƙofa ta buɗe.

Amma fa ka shirya, kusan duk linkin da zaka danna a waɗannan jerin ya mutu. Kar ka karaya, nan ne Wayback Machine ke shigowa. Ma'ajiya ce ta Internet Archive, wadda Brewster Kahle ya kafa a 1996, aka buɗe wa jama'a ita a 2001. Abin da zaka yi, ka danne mataccen linkin ka kwafe adireshinsa, ka je web.archive.org ka liƙa a akwatin. Zai fito maka da layin shekaru a sama, ka ja zuwa can hagu ka zaɓi shekara mafi tsufa, sai kalanda ta fito da ɗige-ɗige a kan ranakun da aka ɗauki hoton shafin. Shuɗin ɗigo shi kake nema, yana nufin an samu shafin lafiya. Kore yana nufin an tura ka wani adireshi ne, ruwan lemo ko ja kuma kuskure aka tarar a ranar, ba sai ka ɓata lokaci a kansu ba.

Akwai gajeriyar hanya da ba kowa ya sani ba, ka rubuta shekarar a cikin adireshin kai tsaye, misali web.archive.org/web/1996/yahoo.com, zai kai ka kwafin da ya fi kusa da wannan shekarar. Gwada da Yahoo ɗin ma, ka ga yadda yake a da, ba komai bane illa jerin fannoni, ilimi, lafiya, kimiyya, gwamnati, ka shiga ɗaya ka tarar da rassa a ciki. Ɗalibai biyu ne a jami'ar Stanford ta Amurka, Jerry Yang da David Filo, suka fara shi a 1994 a matsayin jerin sayit ɗin da suka burge su. Ka gwada altavista.digital.com ma, injin binciken da ya fito Disamban 1995 ya kuma riƙe kambu kafin Google.

Abu uku ne ke rikita sabon shiga a Wayback. Na ɗaya da wuya ya wuce 1996 a baya, to in sayit ya rayu a 1993 ya mutu a 1995 sai dai haƙuri, amma da yawa sun kai 1996 ko 1997 ba tare da sun canza sosai ba shi ya sa dabarar liƙa adireshi take aiki. Na biyu, kuma wannan shi ne wanda ya fi yaudara, in ka danna linki a cikin tsohon shafi ba lallai ya kai ka wannan ranar ba, kwafin da ya fi kusa yake ɗauko maka, sai ka ga kana 1996 ka danna sau uku ka tsinci kanka a 2001 baka sani ba. Don haka kullum idonka na kan dogayen lambobin da ke cikin adireshin, lamba 14 ne, huɗun farko shekara, biyu wata, biyu rana, sauran lokaci. In zaka kafa hujja da abin da ka gani, wannan lambar ita ce shedarka. Na uku akwatunan bincike na cikin tsofaffin shafukan basa aiki, hotuna ma wasu sun ɓace, wannan ba matsalar wayarka bace.

Yanzu bari mu bar yanar gizo ɗin kanta, don mutane suna mantawa ba ita kaɗai bace intanet, a farkon shekarun 1990 ma ba ita ce babba ba. Gopher ne ke tashe. Mark McCahill da abokan aikinsa suka ƙirƙire shi a jami'ar Minnesota a 1991, tsarinsa menu ne cikin menu, ka zaɓi layi ya kai ka wani jeri ko fayil ɗin rubutu, babu ado babu talla. Har injin bincikensa gare shi mai suna Veronica da aka yi a jami'ar Nevada a 1992. A Fabrairun 1993 jami'ar ta ce zata fara karɓar kuɗin lasisi daga masu amfani da manhajarta don kasuwanci, mutane suka tsorata, bayan wata biyu CERN suka saki nasu kyauta, ga kuma Mosaic da hotuna, shikenan jama'a suka juya. Ni ina ganin an yi asara a nan, don wajen neman takarda kai tsaye ba tare da hayaniya ba Gopher yana da tsafta ƙwarai.

Kuma bai mutu ba, akwai masu riƙe da sabobinsa har yanzu. Chrome da Firefox basa buɗe shi, to hanya mafi sauƙi ka shiga gopher.floodgap.com da burauzarka ta kullum, suna da wata gada da ke juya menu ɗin Gopher ya zama shafin da zaka iya gani, akwai kuma Veronica-2 a ciki ta bincike. In kana son ainihin ɗanɗanon sai ka girka Lynx, burauzar rubutu zalla da aka fara a jami'ar Kansas a 1992 kuma har yau ana gyara ta. A Linux tana nan cikin ma'ajiyar manhajoji, a wayar Android kuma ka sa manhajar Termux ka rubuta a cikinta pkg install lynx. Daga nan ka rubuta lynx gopher://gopher.floodgap.com ka buga Enter. Kibiyar sama da ƙasa yawo tsakanin layuka, ta dama shiga, ta hagu komawa baya, q fita.

Sai FTP, tsarin tura fayil tsakanin kwamfutoci, wanda ya girmi su duka, nan ne ake ajiye manhajoji da takardu a daunlod. Al'adar lokacin ita ce ka shiga da sunan anonymous ka sa imel ɗinka a matsayin faswod. Saboda sabobin sun yi yawa ba a san me ke ina ba, Alan Emtage a jami'ar McGill ta Kanada ya haɗa Archie a 1990, wanda ake ɗauka a matsayin injin bincike na farko a intanet, sunayen fayil kawai yake nema ba abin da ke cikinsu ba. Manyan burauzoji sun cire FTP a 2021, amma tsofaffin ma'ajiyoyi kamar ftp.gnu.org da ftp.funet.fi na Finland suna buɗuwa da https, ko ka yi amfani da manhajar FileZilla. A wannan na Finland ɗin ne aka fara ɗora Linux a 1991. In ka shiga kowace folda nemi README tukuna, fayil ɗin da ke bayanin abin da ke ciki, ka kuma duba kwanan watan da ke gefen fayilolin, zaka ga na farkon shekarun 1990 zaune abinsu. Karanta na rubutu yadda kake so, amma dan Allah kar ka kunna tsohuwar manhajar da baka san ta ba a kwamfutar da kake aiki da ita. Ka kuma dubi girman fayilolin ka tuna da modem mai gudun bit 14,400 a daƙiƙa ake jan su ta layin tarho, megabait ɗaya sai ya ci wajen minti goma.

Wasu abubuwan kuma ko tono basa buƙata don basu taɓa rufewa ba. Project Gutenberg na Michael Hart tun 1971 yake, rubuta gutenberg.org/ebooks/1 ka ga abu na farko da ya buga, takardar ayyana 'yancin kan Amurka, yanzu littattafan kyauta sun haura 70,000. Ma'ajiyar arXiv da Paul Ginsparg ya fara a cibiyar bincike ta Los Alamos a Amurka a Agustan 1991 don masana fiziks su riƙa raba bincikensu kafin mujalla ta buga, lambobinta na da suna ɗauke da kwanan wata, arxiv.org/abs/hep-th/9108001 na nufin takarda ta ɗaya a watan takwas na 1991. A rfc-editor.org kuma akwai takardun da aka gina intanet ɗin da su, ta ɗaya Steve Crocker ya rubuta ranar 7 ga Afrilu 1969, ta 1436 ita ce ta Gopher. Wanda ba zaka samu da rai ba shi ne kyamarar tukunyar kofi ta jami'ar Kambrij a Ingila, da masu bincike suka kafa don su san ko akwai saura kafin su sauko bene, ta hau yanar gizo a 1993 duniya ta riƙa kallo, aka kashe ta a 2001, hotunanta ne kawai suka rage.

Duk wannan da kake gani akwai wanda ya damu ne ya adana. Lokacin da Yahoo ta rufe GeoCities, dandalin da mutane ke buɗe shafukansu kyauta, a 2009 shafukan talakawan mutane bila adadin suka tafi, abin da ya tsira shi ne wanda 'yan sa-kai na Archive Team da Internet Archive suka yi rige-rigen kwafewa kafin ranar rufewa. To in kana cikin yawon nan ka ci karo da tsohon shafi da ransa, na wani malami ko wani sashen jami'a da ba a taɓa ba tun 1997, kwafi adireshinsa ka je web.archive.org/save ka liƙa ka danna maɓallin adanawa, ka jira ya gama ya baka linki mai lamba 14 ɗin nan, sannan ka buɗe linkin ka tabbatar hotunan da ƙananan shafukan sun shiga, in akwai wanda bai shiga ba ka adana shi daban.