Yadda mai larurar gani zai yi sayayya ta intanet da kansa

Abu na farko shi ne manhajar karanta allo, wadda ke furta duk abin da yatsa ya taɓa. Android na da TalkBack, iPhone kuma VoiceOver tun 2009, duka a cikin saitin waya suke. A kwamfuta mai Windows akwai NVDA ta kyauta da JAWS ta kuɗi.

Da zarar ka kunna manhajar a waya, taɓawa ɗaya ba ta buɗe komai, sunan abin kawai za ka ji. Ja yatsa dama ka je abu na gaba, hagu ka koma baya, ka taɓa sau biyu ka buɗe. Hawa da sauka a shafi kuwa yatsu biyu ne a TalkBack, uku a VoiceOver. A NVDA, harafin H na tsallaka kai daga kanu zuwa kanu, B zuwa maɓallai, E zuwa gurbin rubutu. Wanda ya ce sai ya saurari shafin kasuwa tun daga sama, talla ce za ta cinye masa lokaci.

Kada ka dogara da hoton kaya. Sau da yawa mai shafin bai rubuta masa bayani ba, manhajar ta ce "hoto" ta yi shiru. Saurari sunan kayan, girma, launi da ra'ayin waɗanda suka riga suka saya.

Wurin biya ne ake yin asara. Kafin ka danna komai, shiga kwandon sayayya ka saurari adadi, domin idan intanet ta yi nauyi mutum kan sake taɓawa, kaya ɗaya ya zama biyu. Ka ji jimillar kuɗi har da na kawowa. Maɓallin da aka ce masa "maɓalli" kawai ba suna, kada ka danna shi da ka; gwada manhajar kasuwar maimakon shafinta, ko akasin haka, ɗayan kan fi ɗayan tsari. Sa iyafis kafin ka shigar da lambar kati, ka kuma rufe hasken allo: a VoiceOver, taɓawa sau uku da yatsu uku. Lambar tabbatarwa da banki ke turowa ba ta daɗewa, saboda haka ka san inda gurbinta yake tun kafin ka nema. Gwajin zaɓar hotuna da wasu shafuka ke yi don tabbatar da cewa mutum ne ba na'ura ba, wani lokaci yana da na sauti a gefensa, neme shi.

Manhajar Be My Eyes na haɗa ka da ɗan sa-kai ta bidiyo, ya duba maka allo ko kaya. Amma baƙo ne, kada katinka ko lambar sirri su shiga kyamara.

Idan kaya sun iso, manhajojin waya irin su Seeing AI ko Lookout za su karanta maka rubutun kwali kafin ka yage shi, don mayar da kayan da ba a buɗe ba ya fi sauƙi.