Dutsen gogar ƙarfe ya daina ci? Kurakuran da aka fi yi wajen gyaran fuskarsa, har da na leza

Abin da na fi gani a shagunan gyaran inji nan Garwa har zuwa Marwa shi ne, da zarar dutse ya daina ci sai yaro ya ƙara danna ƙarfe da ƙarfin tsiya. Wannan shi ne babban kuskure wallahi. Dutsen nan fa ƙwayoyi ne masu kaifi aka haɗa da wani abu da ke riƙe su, in bakinsu ya dakushe ko garin ƙarfe ya toshe ramukan da ke tsakaninsu sai ka ga fuskar tana sheƙi, a lokacin ya bar yanka ya koma shafa, zafi kawai yake haifarwa. Duba karankishaf, wato sandar nan da ke juyawa a cikin injin mota, da aka yi wa haka za ka ga tabo ruwan ƙasa ko shuɗi, wurin ya ƙone ke nan, taurinsa ya canza, wani lokaci har da ƙananan tsaga da ido ba ya gani sai mota ta hau hanyar Ngaundere da kaya. Maganinsa a tsaya a buɗe fuskar dutsen kafin a ci gaba.

Sai masu gyarawa da tsinken daimon, wato ɗan sandan ƙarfe mai ƙwayar daimon a baki da ake kankare fuskar dutsen da shi, amma su zurfafa shi don a gama da wuri. A'a. Kowane wucewa kar ya haura wajen milimita 0.02, a karkatar da tsinken digiri 10 zuwa 15 ta wajen da dutsen ke juyawa, a riƙa juya shi lokaci-lokaci don kar gefe ɗaya ya cinye. Ruwan sanyaya kuma ko a sake shi tun farko ko a bar shi gaba ɗaya, don in daimon ya ɗau zafi ka watsa masa ruwa tsagewa yake.

Akwai kuma rikita aiki biyu. Mayar da dutse da'ira daidai don ya bar tsalle aiki ne daban, fito da sababbin ƙwayoyi shi ma daban. Dutse na yau da kullum, wanda ƙwayoyinsa na wani ma'adini ne mai tauri da ake kira almina, tsinke ɗaya na yin duka biyun, amma dutsen daimon ko na CBN, wasu ƙwayoyi da ake ƙerawa masu bin daimon a tauri, in an daidaita shi fuskar takan rufe ruf, sai an bi shi da farin sandan almina ya ci abin riƙon kaɗan kafin ƙwayoyin su leƙo. Da yawa suna tsallake wannan sannan su ce an sayar musu da jabu.

To a nan ne leza, wato siririn haske mai ƙarfi da na'ura ke harbawa, ta shigo a manyan masana'antu, musamman ga dutsen daimon mai riƙon tagulla wanda tsinke ba ya iya masa, dutsen ne ma ke cinye tsinken. Hasken yana fita ne ɗis-ɗis cikin gajeren lokaci ƙwarai, ya narkar ko ya ƙone tagullar ya bar ƙwayoyin a tsaye, ba taɓawa, ba dannawa, ba kayan aikin da zai cinye. Amma ita ma ana kuskure da ita. In aka ƙara mata ƙarfi fiye da kima saman daimon ɗin komawa yake irin baƙin nan na cikin fensir, ya yi laushi, ko kuma a cinye tagullar da yawa ƙwayoyin su rasa gindi su zube tun ba su yi aiki ba. Alkibla ma da muhimmanci, in aka haska fuskar kai tsaye kaifi ake fitarwa, in ana son daidaita siffa sai hasken ya bi ta gefe yana shafar fuskar yana cire abin da ya yi tudu. Kuma saitin da ya dace da tagulla zai ƙona dutse mai riƙon danƙo, kowanne da nasa.

Don Allah iyayen gida a daina barin yara suna goga alminiyam a dutsen ƙarfe, nan take yake toshe shi. Dutsen daimon kuma ba na baƙin ƙarfe ba ne, na gilashi ne da kabaid, wato abin nan mai tsananin tauri da ake sawa a bakin kayan yankan ƙarfe, ƙarfe mai tauri CBN yake so. Kafin a ɗaura sabon dutse a rataye shi a ɗan ƙwanƙwasa da ƙotar katako, lafiyayye ƙara yake yi tarr, mai tsaga kuwa muryarsa a dishe take, wannan kar a ɗaura shi ko da mai aiki na tsaye yana jira. In an tashi aiki a rufe ruwa tukuna a bar dutsen ya ɗan juya ya bushe, in ba haka ba ruwan zai taru a ƙasansa gobe ya tashi da rawa.