Yadda za ku haɗa guruf ɗin koyon wasan go a intanet

Go wasan allo ne na mutum biyu, ɗaya da baƙaƙen duwatsu ɗaya da farare, kowa na ƙoƙarin kewaye fili fiye da ɗan'uwansa. Kar ku tara jama'a da yawa, mutum huɗu zuwa shida sun isa, in suka wuce haka za ka ga biyu ne ke ta magana sauran kuma sun yi tsit. Sannan ku duba matakin kowa. Ɗan koyo yana farawa ne daga wajen kyu 30 yana saukowa har kyu 1 kafin ya shiga dan, wato matakin gwanaye, to in ka haɗa ɗan kyu 20 da mai dan 2 wuri ɗaya, wannan zai gaji da bayani wancan kuma ba abin da zai gane. Tazarar kyu biyar ko shida ba laifi, in ta ɗan fi haka sai a yi wa mai rauni rangwame ya fara jera duwatsunsa a allo kafin ɗayan ya sa nasa, har tara ana bayarwa.

Wurin wasa ni dai shafin OGS (Online Go Server) nake ba da shawara, kyauta ne, ba sai ka sauke komai ba, kuma za ku iya buɗe allo ɗaya kowa na kallo yana gwada nasa motsin. Murya kuma ko Discord ko Telegram. Ku tsayar da doka ɗaya tun farko, ta Japan mai komi (makin da ake ƙara wa mai farin dutse saboda baƙi ke fara wasa) 6.5 ko ta China mai 7.5, don kar a zo ana gardama wajen ƙirga.

To ainihin aikin fa shi ne bitar wasa. Kowa ya buga wasa ɗaya na natsuwa a sati, a allon 19x19 in ya kai, sabbin shiga su tsaya a 9x9 tukuna, ya ajiye fayil ɗin SGF mai ɗauke da duk motsin wasan, kuma wanda aka cinye shi a ciki zai kawo, don wanda ka ci gaskiya ba ya koya maka komai sai jin daɗi. Mai wasan shi zai fara magana, ya nuna inda ya ji abu ya kwaɓe masa, sai ku zaɓi wuri uku kacal ku tsaya a kai, kar ku ce sai kun bi motsi ɗari biyu da wani abu ɗaya bayan ɗaya, wallahi barci za a yi. Ku tambaye shi me ya so wannan dutsen ya yi masa, sau da yawa ma bai sani ba, kawai ya bi abokin karawarsa ne duk inda ya sa.

Maganar kwamfuta kuwa, tun da manhajar AlphaGo ta doke gwanin go na Koriya ta Kudu Lee Sedol ci 4 da 1 a Seoul a watan Maris na 2016 kowa so yake ya tambayi na'ura. Manhajar KataGo kyauta ce kuma tana da ƙarfin gaske, amma ku bar ta sai minti goman ƙarshe bayan kowa ya faɗi ra'ayinsa. Za ta nuna maka ka yi asarar maki biyu a kusurwa, alhali kai matsalarka rukunin duwatsunka ne ya mutu gaba ɗaya saboda ba ka yi masa ido biyu ba, wato gurabe biyu daban a cikinsa da ke hana a cinye shi.

Shi ya sa tsumego, wato ƙaramar matsalar ceto ko kashe rukunin duwatsu, ya zama dole, ɗaya a rana a tura cikin guruf, kowa ya warware a kansa ba tare da taɓa allo ba, amsa sai dare. Haddar joseki, sanannun jerin motsi na kusurwa, kam ku jinkirta ta. Jagorancin zama kuma a riƙa juya shi duk sati, kuma rana da lokaci su zama tsayayyu ko da mutum biyu ne suka zo.