Farautar elk da siffar yaudara: kurakuran da aka fi yi

Maharbanmu sun daɗe da sanin dabarar kan burtu: mutum ya ɗaura kan tsuntsun a goshi, ya rufa da baƙin mayafi, ya duƙa yana tafiya kamar mai kiwo, har ya kusanci nama. A duwatsun Roki na Amurka, wato jihohi irin su Kolorado, Montana, Aidaho da Wayomin, masu farautar elk da kwari da baka suna da irin tasu dabarar, sai dai a juye take. Mai burtu shi ke zuwa wurin nama, su kuwa naman suke jawowa ya zo ya same su.

Elk dangin barewa ne mai ƙaho rassa-rassa, namijin kan haura kilo 300, ya ɗara gwanki. A watan Satumba suke barbara, lokacin da namiji ke tara mata yana wani kuka mai kama da busar sarewa. Maharbi kan sa ɗan abin busa a baki ya kwaikwayi kukan mace. Namiji zai taho, amma in ya kai kamar mita 60 ko 70 sai ya ja ya tsaya cak, yana duban inda sautin ya fito. In bai ga mace ba, ya juya abinsa. Kibiya kuwa galibi tsakanin mita 20 zuwa 40 ake sakinta. Domin cike wannan tazara aka ƙirƙiro siffar yaudara, hoton macen elk a kan ƙyalle mai zoben waya da ake naɗewa a sa a jaka, irin wanda kamfanin Montana Decoy ke yi.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne maharbi ya kafa siffar a gabansa ko dab da shi, ya laɓe a bayanta. Idon namijin yana kan siffar, to ka ga ka zauna daidai inda yake kallo ke nan. Kana jan baka zai ga motsi. Ko bai gani ba, ƙirji zai ba ka, alhali abin da ake so ya ba da gefe, kibiya ta shiga bayan kafaɗa ta ratsa huhu biyu. Gyaran yana buƙatar mutum biyu: mai kira ya koma baya da siffar, kamar mita 30 zuwa 50, mai harbi ya yi gaba ya ɗan ratse gefe, ta ɓangaren da iska ke nufa. Sai namijin ya zo wucewa hankalinsa na can, ya gifta ta gaban wanda bai san da shi ba. Wanda yake shi kaɗai sai ya kafa siffar, ya yi kira daga wurinta, sannan ya matsa gaba ya yi shiru.

Sai maganar iska, wadda a ganina ita ke kashe farauta fiye da komai. Siffa ido kawai take ruɗa, hanci ba ruwansa da ita. Elk na iya shakkar abin da ya gani ko ya ji, amma in ya shaƙi warin mutum magana ta ƙare. Namiji mai wayo ma kewayowa yake yi ta inda iska za ta kawo masa ƙanshin macen kafin ya matso, shi ya sa ake ajiye mai harbi ta wannan ɓangaren, ya tare shi kafin ya kai ga layin warin. A dutse kuma iska ba ta da alƙawari. Da asuba, iska mai sanyi gangarowa take yi kwari. Rana na ɗumama ƙasa sai ta juya ta hau sama. Wurin da ya yi daidai da ƙarfe 7 na safe yana iya zama mafi muni da hantsi. Maharba kan riƙe ɗan gari a kwalba suna fesawa don ganin inda ta nufa. Ita ma siffar, in ta kwana a mota kusa da abinci da man fetur, ko an yi ta damƙar ta da hannu mai gumi, ta riga ta tona asiri.

Akwai masu cusa siffar cikin duhuwar itatuwa, har sai namijin ya zo dab sannan ya yi kiciɓis da ita ya firgita. Akwai kuma masu dasa ta a tsakiyar fili, inda zai tsaya daga nesa ya ƙare mata kallo, ya ga mace da ba ta kaɗa kunne ba ta ɗaga kai. Bakin daji ya fi, inda za a hango ta daga nesa amma rassa sun ɗan kare wani sashe. Mai kira ya riƙa ɗan motsa ta, ya karya ƙirare, ya mirgina dutse, domin garken elk ba shiru yake tafiya ba. A kuma guji sa ta cikin rana tsaka, ƙyallen kan yi sheƙi.

Siffar namiji tana iya harzuƙa babban namijin da ya tara mata ya fito faɗa, amma ƙananan maza da ke raɓe a gefen garke, waɗanda su aka fi samu, sukan gan ta su ja da baya. Mai koyo ya tsaya kan ta mace.

Na ƙarshe ya shafi rai. Yawancin farautar nan a filayen gwamnati ake yin ta, inda kowa ke shiga, kuma siffar da ta ruɗi elk za ta iya ruɗin wani maharbin. Kada a kafa ta a lokacin farauta da bindiga. A Kolorado doka ta wajabta wa mai farautar elk da bindiga ya sa tufafi ruwan lemo ko ruwan hoda mai haske, har da hula, don a bambanta mutum da dabba. Wanda ya laɓe bayan hoton elk ya warware wannan kariyar da hannunsa. Ko a lokacin baka, in za ka tashi daga wani wuri zuwa wani, naɗe siffar ka sa a jaka. In ka hangi wani maharbi yana lallaɓowa, kada ka ɗaga masa hannu, yi masa magana da babbar murya.