Yadda iyaye ma'aikata za su tsinto minti 150 na motsa jiki a mako

Uwa ko uban da ke fita aiki ƙarfe bakwai na safe, ya dawo gab da magariba, ga kai yara boko, ga Islamiyya, ga cefane da girki, ba zai samu awa guda sukutum da za ta zauna tana jiransa ba. Duk wanda ya ce sai ya samu wannan awar zai fara motsa jiki, zai shekara bai fara ba. Dabarar da ke aiki ita ce a yayyanka motsin ƙanana-ƙanana, a ɗaura kowane yanki a jikin abin da dama dole ne a yi shi kullum.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2020, ta ce baligi yana buƙatar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsi a mako, ko minti 75 zuwa 150 na motsi mai tsanani kamar gudu, sannan ya ƙarfafa tsokokinsa aƙalla kwana biyu a mako. A da ana cewa sai motsi ya kai minti 10 a jere kafin a lissafa shi, amma an cire wannan sharaɗi. Yanzu minti uku ma yana shiga lissafi. Idan aka raba 150 gida biyar, minti 30 ke nan a kowace ranar aiki: goma da safe, goma da rana, goma da yamma.

Sai dai ba kowace tafiya ce matsakaicin motsi ba. Gwajin mai sauƙi ne: kana iya magana, amma numfashinka ba zai bari ka rera waƙa ba. Idan kana son adadi, ƙirga takunka cikin daƙiƙa 15. In ya kai 25, wato taku 100 a minti ɗaya, ka shiga sahu. Tafiyar da ake yi ana duba waya ba ta kaiwa nan.

Minti goma na safe sun fi sauƙin samu bayan sallar asuba, kafin rana ta yi zafi kuma kafin gida ya tashi. Magidanci ya canza hanyar dawowa daga masallaci, ya bi wadda ta fi nisa, da sauri. Uwar gida tana iya zagaya tsakar gida ko hawa da sauka a dakali ɗaya: ƙafar dama ta hau, ta hagu ta biyo, a sauko, bayan minti ɗaya a sauya ƙafar da ke fara hawa. Idan makarantar yara ba ta wuce kilomita ɗaya ba, a raka su da ƙafa, amma dawowar za a lissafa, domin tafiya da ɗan shekara biyar ba ta sa haki. Kilomita ɗaya da sauri yana cin kamar minti 11 ko 12. Mai hawa adaidaita sahu ya sauka tun da sauran tafiyar minti goma zuwa ofis.

Goman rana a ɗaura ta a jikin hutun azahar, bayan an ci abinci. Wannan tana da riba biyu, domin tsokar da ke aiki tana janye suga daga jini, sai hawansa bayan shinkafa ko tuwo ya ragu, kasalar yamma ma ta yi sauƙi. In akwai bene a wurin aiki, hawa da sauka sau uku ko huɗu ya fi zagaye harabar a cikin rana. Mai zaman tebur kuma ya riƙa miƙewa duk bayan minti 30 zuwa awa ɗaya, ko da amsa waya a tsaye ne.

Ɓangaren da iyaye suka fi watsarwa shi ne ƙarfafa tsoka, alhali shi ke kare baya da gwiwa, kuma minti 15 sun isa, ana iya yi kafin shinkafa ta tsotse. A fara da zama da tashi a kujera: a jingina kujerar da bango don kada ta zame, a buɗe ƙafa daidai faɗin kafaɗa, a tura ƙugu baya kamar za a zauna, a taɓa kujerar kawai a miƙe. Sau 10 zuwa 12, a huta minti ɗaya, a maimaita sau biyu. Kuskure biyu ke jawo ciwon gwiwa a nan: gwiwoyi su karkato ciki suna neman haɗuwa, ko dunduniya ta ɗaga daga ƙasa. A sa gwiwa ta bi saitin yatsun ƙafa, nauyi ya tsaya a dunduniya. Sai tura bango: a dafa shi da tafin hannu biyu daidai ƙirji, a ja ƙafa baya taku biyu, a lanƙwasa hannu har ƙirji ya kusa bango, a turo. Jiki ya zama miƙaƙƙe daga kai zuwa dunduniya, domin idan ciki ya lotsa gaba, ƙasan baya ne zai biya. Idan sau 15 ya daina wahala, a koma dafa bakin tebur mai ƙarfi. Na uku, a kwanta rigingine a tabarma, a naɗe gwiwa, tafin ƙafa a ƙasa, a ɗaga ƙugu sama, a riƙe daƙiƙa biyu, a sauke, sau 12.

Ba sai an sayi ƙarfen ɗagawa ba. Litar ruwa ɗaya kilo ɗaya ce, don haka babbar robar ruwa mai lita ɗaya da rabi ta isa farawa a kowane hannu. Jakar fiya wata mai ƙulli 20 kilo 10 ce, ana rungume ta a ƙirji a yi zama da tashi bayan mako huɗu ko shida. Jarka mai lita 25 ba ta sabon shiga ba ce. Kuma duk abin da za a ɗauka daga ƙasa, ko yaro ne, a tsuguna a ɗauka da ƙarfin cinya, kada a sunkuya da baya. A fitar da numfashi lokacin yunƙuri, domin riƙe shi yana ɗaga hawan jini nan take.

Aikin gida yana shiga lissafi idan ya sa haki, kamar daka, ɗebo ruwa, ko goge ɗaki da hanzari. Tsayuwar awa biyu a kan tukunya tana gajiyarwa, amma ba ta motsa zuciya, kuma a nan mata da yawa ke yaudarar kansu. Gaskiya kuma uwa ce ta fi rasa lokaci, don haka maigida ya karɓi yaran minti 20 sau uku a mako, a sa rana da lokaci, kada a bar shi sai an samu sarari. Da yamma a shiga wasan yaran maimakon kallonsu: ƙwallo, tsallen igiya, 'yar gala-gala. Su ma yara daga shekara 5 zuwa 17 suna buƙatar awa ɗaya ta motsi kullum.

Abin da ya fi kashe niyya shi ne farawa da ƙarfi. Wanda ya daɗe a zaune ya fara da minti 10 a rana a makon farko, ya riƙa ƙara biyar duk mako. Tsamin jiki da ke zuwa bayan kwana ɗaya zuwa uku ba matsala ba ne, tafiya a hankali ma tana sassauta shi. Amma ciwo mai suka a cikin gaɓa, ko kumburi, alamar a dakata ce. Silifas ba ya riƙe ƙafa, a nemi kambas mai laushin ƙasa da ya bar sararin babban yatsa a gaba. Kada a yanke barci don motsa jiki, wanda ya kwana jinyar yaro ya yi tattaki kawai ranar. In mako ya kuɓuce, a koma da rabin abin da aka saba.

Lokacin bazara, daga Maris zuwa Mayu, a tsaya ga sassafe ko bayan faɗuwar rana, a sha ruwa kafin da bayan an gama. Fitsari mai duhu yana nuna ruwan bai isa ba. Ranar da hazon hunturu ya yi kauri a yi a cikin ɗaki, musamman mai asma. Da azumi a mayar da aikin tsoka bayan buɗa-baki da kamar awa ɗaya ko biyu, ko bayan asham.

Mai jego ta fara da tattaki a hankali, ta jira duban asibiti na mako shida kafin tsalle ko ɗaukar nauyi, wadda aka yi wa tiyata kuma sai likita ya ba ta izini. Mai hawan jini, mai ciwon zuciya da mai juna biyu su tuntuɓi likita kafin su fara. Mai ciwon suga da ke allurar insulin ko shan maganin da ke sauke suga ya riƙe dabino ko alewa a aljihu, saboda rawar jiki da zufa mai sanyi alamar sugan ya faɗi ne. Duk wanda ya ji ƙirjinsa ya ɗaure, ko jiri, ko numfashi ya gagara fiye da aikin da yake yi, ya tsaya nan take, a kai shi asibiti a ranar.